Hon ɗin jirgin ruwa ba irin na mota ake haɗa shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da abokan sana'ata, masu gyaran wayar mota da ake ce mana rewaya, da kuma masu jiragen ruwa da suke kiranmu aiki. Ni haifaffen Jos ne, a Farin Gada na koyi sana'a, yanzu kuma shagona yana garejin Apo a nan Abuja. Na fi shekara 20 ina kama waya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a makon jiya aka kira ni duba wani jirgi, kuma shi ne na uku a bana da na tarar an haɗa masa hon mai kwamfuresa ta hanyar da za ta iya cin ran mutane. Ga shi damina ta ja baya, hazo yana tafe, lokacin da matuƙi yake dogara da kunnensa fiye da idonsa.

Kafin in nuna wa wani yatsa, bari in fara da kaina, domin ni ma na taɓa yin wannan kuskuren.

Shekarun baya wani Alhaji, wanda nake gyara wa motoci, ya sayi jirgin faiba na yawon shaƙatawa yana ɗaukar mutane a tafkin Jabi. Ya ce yana son hon mai ƙarfi, irin na tirela, saboda masu ƙananan kwale-kwale da masu gudu da babur ɗin ruwa suna gitta masa. Ya sayo ƙaho mai baki biyu da kwamfuresa biyu, irin ƙananan nan da ba su da tanki, waɗanda sai ka danna suke juyawa su hura iska kai tsaye. Na zo da yarona da jakar kayan aiki. Na ja jan waya daga batir da yake baya kusa da inji, na kai ta gaba wurin sitiyari, na bi da ita ta maɓallin hon, na raba ta biyu zuwa kwamfuresocin. Da na zo neman inda zan ɗaura at, wato baƙar wayar da ke mayar da wuta zuwa batir, sai na tsaya. A mota ba ka ma tunani: ka sami noti a jikin bodi, ka kankare fenti, ka ɗaure, shi ke nan, ƙarfen motar ne zai mayar da wuta zuwa batir. A nan kuwa ko'ina na taɓa faiba ne. Sai na ɗauko ragowar siririyar wayar da ke cikin jaka, na ja ta har baya. Muka danna, ya yi kuka. Alhaji ya ji daɗi, ya biya ni, na tafi.

Bayan mako uku matuƙin jirgin ya kira ni. Dattijo ne mutumin Yawuri, a kan ruwa aka haife shi. Ya ce hon ya koma kukan tsohon bunsuru, kuma in ya daɗe da dannawa yana jin warin roba. Da na je na ɗaga murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, bayan maɓallin ya narke ya karkace, robar wayar ta yi laushi ta manne da ta kusa da ita, har in ka ja sai ta biyo yatsa kamar ƙaro. Can baya kuwa, inda wayar ta wuce, jarkar fetur ce a jingine a kanta. Dattijon ya tsaya a kaina yana kallo, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, in mota ta kama wuta a titi, buɗe ƙofa za ka yi ka fita da gudu. A tsakiyar ruwa da 'ya'yan mutane goma sha biyu, ina za mu fita?" Na ce, "Baba, laifina ne." Ranar ban karɓi ko kwabo ba, na kwance aikin gaba ɗaya, kuma tun daga nan na shiga neman sanin yadda ake yi wa jirgi waya.

Abin da na gane, wanda nake so 'yan'uwana su riƙe, shi ne kwamfuresa mayunwacin abu ne. Ƙaramin hon ɗin mota na lantarki 'yan am kaɗan yake ja, am kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da abu ke ci. Kwamfuresa kuwa inji ne mai juyawa yana matsa iska, ɗaya yakan ja am 15 zuwa 20, manya ma fiye da haka, kuma a lokacin da zai tashi yana fizgar abin da ya wuce wannan. In biyu ne, kana maganar am 40. Maɓallin hon ba a yi shi don ya ɗauki wannan kaya ba. Duk dannawa ɗaya tartsatsi ne a cikinsa, har bakinsa ya ƙone, ko ya narke, ko kuma abin da ya fi muni, ya manne ya ƙi saki, kwamfuresa ya yi ta juyawa har waya ta kama.

Maganin wannan tsohon abu ne da kowane yaron shago ya sani, wato rile, ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke taɓawa ya buɗe wa babbar wuta hanya. Amma sani daban, yi daban. Rile ɗin nan mai ƙafa huɗu ko biyar, in ka juya shi za ka ga lambobi. Ƙafa mai lamba 30 ita ke karɓar babbar waya daga batir, mai lamba 87 ita ke miƙa wa kwamfuresa. Sauran biyun, 85 da 86, su ne na naɗin da ke ciki: ɗaya ta fito daga maɓalli, ɗaya ta tafi baƙar waya. Naɗin nan ko rabin am ba ya ci, saboda haka maɓalli ya huta, aikinsa kawai ya yi kira, rile ya ɗauki kaya. Ni yanzu in kwamfuresa biyu ne, kowanne da nasa rile mai am 40, da nasa fis, da tasa waya. Maɓalli ɗaya ne ke tashe su tare. Wasu suna ganin ɓarnar kuɗi ce, ga rile ɗaya zai iya. A takarda zai iya, amma yana aiki ne a bakin iyakarsa kullum, kuma ranar da ya mutu duka biyun sun yi shiru. In ka raba su, ɗaya ya lalace, ɗayan zai kawo ka gaɓa.

Sai batun kaurin waya, wanda a nan ne muka fi cutar kanmu, domin a mota tazarar gajeriya ce, ba mu saba lissafi ba. A jirgi batir yana baya, hon yana gaba. A ce mita 6 ne tsakaninsu. Ba mita 6 za ka lissafa ba, 12 ne, domin wuta sai ta je ta dawo, kuma a waya za ta dawo tunda babu bodi. Na zauna da wani ƙanena da ya yi karatun lantarki muka buga. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 a ma'aunin murabba'in milimita, wadda muka fi yawan ɗauka, in ka tura mata am 20 a tsawon mita 12, kusan bolt 2.8 ne ke zubewa a hanya. Daga batir mai bolt 12, abin da zai isa wurin kwamfuresa bai fi 9 da 'yan kai ba. In ka ɗora mata kwamfuresa biyu kamar yadda na yi a wancan karon, asarar ta ninka, kuma wutar da ta zube ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama a jikin wayar, wajen wat 220, kamar ka kunna tsofaffin ƙwayayen wuta masu wat 60 guda huɗu a cikin roba. Abin da ya narkar da wayata ke nan. In ka sa mai kaurin 2.5, asarar ta sauka zuwa bolt 1.7. Mai kaurin 6 tana zubar da 0.7, mai 10 kuma 0.4. Shi ya sa a irin wannan tazarar ba na sauka ƙasa da 6 ga kowane kwamfuresa, kuma baƙar wayar dawowa dole ta yi kauri ɗaya da jar. Na sha ganin an sa jar waya mai kauri kamar ɗan yatsa, an mayar da at da wayar rediyo. Ruwan da ya shiga ta babban bututu ba zai fita ta tsinken alkama ba.

In jirgin na ƙarfe ne ko na alminiyam, kada mutum ya ce to ga bodi ya samu. Ba a bin da wuta ta jikin jirgi. Wutar da ke yawo a jikin ƙarfen da ke kwance cikin ruwa tana cinsa a hankali, tana cin farfela da ƙafar inji, sai wata rana a ga rami ba a san daga ina ya fito ba. A ja baƙar waya har kan batir, ko wurin da aka tara baƙaƙen wayoyi.

Akwai wata magana kan waya da take taɓa zuciyata a matsayina na ɗan Jos. Kakana a haƙar kuza ya ƙare ƙuruciyarsa, mun taso muna ganin kududdufan da aka bari a Filato. Ban taɓa tunanin kuzar nan za ta dawo cikin sana'ata ba. Wayar da aka yi domin jirgin ruwa tagulla ce da aka shafe kowane silinta da kuza, shi ya sa in ka feɗe ta za ka gan ta fara kamar azurfa. Kuzar ce ke hana danshi cin tagulla. Wayar mota kuwa, in ta shekara a jirgi ka feɗe ta, za ka tarar ta yi baƙi ko kore har tsawon kamu a ƙarƙashin roba, ta ƙi kama dalma. Jirgin makon jiya haka na same shi. Na ja kan wayar da ke jikin kwamfuresa, ban ma sa ƙarfi ba, ta gutsure a hannuna, garin kore ya zubo mini a tafi. Amma a yi hattara a kasuwa, domin akwai wata waya mai araha da ta cika gari, alminiyam ce aka yi mata rufin tagulla. Ita akasin waccan ce: waje ja, ciki fari. Ka yanka ka dubi bakin, ko ka kankare da wuƙa. Ka kuma kunna mata ashana: silin tagulla zai yi ja ya tsaya, na alminiyam zai langaɓe ya karye. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka yake ɗauka, ga shi danshi na cinye shi da wuri. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa tana iya zama ajali. Haka wayar gida mai sili ɗaya ba ta da wuri a jirgi, girgizar inji da dukan igiyar ruwa za su karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani.

Fis kuwa, mu daina saka shi inda hannu ya fi saurin kaiwa. Fis waya yake karewa, don haka wurinsa kusa da batir. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka ta ce kada ya wuce inci 7 daga inda wuta ta taso, wato bai kai taƙi guda ba. Dalili a fili yake: duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaro. In ka kai fis gaba wurin sitiyari, ka bar mita 6 na waya mai rai tana gogar gefen jirgi, ranar da ta goge ta haɗu da baƙa babu abin da zai yanke ta. Ga kwamfuresa mai cin am 20 a kan waya mai kaurin 6, fis mai am 30 ya yi. Ita ma siririyar wayar maɓalli a ba ta nata ƙarami, am 3 ko 5. Kuma ina roƙon matuƙa, don Allah, in fis ya ƙone a nemi dalili. A jirgi na biyu da na duba a bana, takardar kwalin sigari mai ƙyalli na tarar an naɗe a gurbin fis. Wanda ya yi hakan bai gyara komai ba, mai gadi ya kora.

Abin da ya fi ba ni tsoro duk cikin lamarin nan shi ne fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe shi. Jirgi kuwa kamar ƙwarya yake, tururin sai ya gangara ya kwanta a ƙasansa, a ƙarƙashin kujeru da cikin akwatunan da ake rufewa. Shi kuma kwamfuresa injinsa mai gawayi ne, duk juyawar da zai yi yana fitar da tartsatsi a ciki. Rile ma haka, duk buɗewa da rufewa. To mai jirgi yana son a ɓoye kwamfuresa kada ruwa ya taɓa shi, sai ya nuna maka akwatin baya, inda tankin mai ko jarkoki suke, ya ce ga wuri mai kyau. Nan ne wurin da bai kamata ba ko kaɗan. Akwai kayan lantarkin jirgi da aka rufe su ruf musamman don kada tartsatsinsu ya fito, amma kwamfuresan hon ɗin mota da muke saye a kasuwa ba ya cikinsu. A kai shi gaba, a sama, wuri busasshe mai shan iska, nesa da mai. Hakan ma yana da wata riba, domin irin mara tankin yana son tiyon iska gajere. In tiyo ya yi tsawo, sai ka danna a ɗauki lokaci kafin ƙaho ya amsa. Shi kuma ƙahon a ɗan sunkuyar da bakinsa ƙasa, don ruwan sama da feshin igiya su riƙa zubewa maimakon su taru a maƙogwaronsa.

Masu manyan jirage sun fi son mai tanki, kuma ina ganin gaskiyarsu, domin iska tana ajiye, da ka danna ƙara ta fito da cikakken ƙarfi. Haɗinsa ya ɗan bambanta. A nan maɓalli ba ruwansa da kwamfuresa, wani ɗan bawul na lantarki yake buɗewa wanda ke sakin iska zuwa ƙaho. Kwamfuresa kuwa makunnin matsi ne ke tashinsa da kashe shi. Da yawansu suna tashi in iska ta sauka zuwa 110 a ma'aunin da mai faci ke auna taya, su tsaya a wajen 145 ko 150. Ka tuna tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 ake ba ta, ka ga ba abin wasa ba ne ke cikin tankin nan. Makunnin matsin shi ma rile zai riƙa kira, ba a bin da babbar wuta ta cikinsa. Kuma wutar da ke zuwa gare shi ta fito daga makullin inji ko wani makunni na musamman. In ka ɗauko ta kai tsaye daga batir, dare ya yi an ɗaure jirgi kowa ya tafi gida, iska ta ɗan tsiyaye ta wata mahaɗa, kwamfuresa zai tashi shi kaɗai, ya cika ya tsaya, ya sake tashi, kafin asuba batir ya kwanta. Bawul ɗin tsaro da ke jikin tanki kada a toshe shi don yana huci. Hucin nan magana yake yi. Sannan a ƙasan tanki akwai ɗan famfo na zubar da ruwa. Iskar kan ruwa danshi gare ta, in aka matsa ta sai ta zubar da ruwa a cikin tanki, ya yi ta cin ƙarfe daga ciki. A riƙa buɗe shi kullum bayan an tashi aiki. Kuma kada a ɗauko tsohuwar tukunyar gas ko ta kashe gobara a yi mata walda a ce an sami tanki.

Batir ma a duba shi. Ƙananan injinan bayan jirgi da aka fi amfani da su a kogunanmu cajin da suke bayarwa kaɗan ne, bai kama ƙafar na mota ba. Kwamfuresa biyu suna iya jan ninkin-ba-ninkin abin da injin ke mayarwa. In inji mai tashi da makulli ne, gara a ware wa hon da fitilu nasu batir, don kada garin busa a rasa abin tayar da inji a tsakiyar kogi.

Malam Edita, duk wannan dogon bayani na waya ba zai yi amfani ba in ba a san me ake faɗa da hon ɗin ba. Wannan kuma a Lakwaja na gane shi. Wani abokin Alhaji ya kai ni can in haɗa wa jirginsa na katako, mai ɗaukar mutane da kaya ranar kasuwa. Watan Janairu ne. Muka gama aiki da yamma, washegari da sassafe muka fita gwaji. Hazo ya sauka a kan ruwa, daga inda nake zaune ba na ganin abin da ya wuce tsawon jirgi uku. Injinmu yana ruri, ba ka jin komai sai shi. Matuƙin ya rage wuta, ya danna hon dogo guda, ya saki, ya karkata kai yana saurare. Jim kaɗan ya sake. A karo na uku sai muka ji ana buga wani abu kamar galan da ihu daga hannun dama. Ya kashe wuta gaba ɗaya. Sai ga kwale-kwale ya fito daga cikin hazon, mace ce da yara biyu da buhunan gari, wani saurayi yana tuƙi da filafili, sun wuce ta gaban hancinmu har ina ganin zanen kallabinta. Ƙaramin yaron ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ba wanda ya ce uffan a jirginmu sai da suka ɓace. In kunne ya ji, jiki ya tsira, ranar na ga ma'anarta da idona.

Daga baya na sami labarin cewa abin da matuƙin nan ya yi yana rubuce a ƙa'idojin hana karon jiragen ruwa na duniya, na shekarar 1972. A cikinsu gajeriyar busa kamar daƙiƙa 1 ce, doguwa daƙiƙa 4 zuwa 6. Gajeriya ɗaya tana nufin zan karkata dama, biyu zan karkata hagu, uku na sa inji baya. Gajeru biyar a jere na nufin ban gane nufinka ba, akwai haɗari. In hazo ya rufe, jirgi mai inji da ke tafiya yana yin doguwa ɗaya, tazarar kada ta wuce minti 2. In ya tsaya cak a kan ruwa, dogaye biyu. In za ka sha kwanar da ba ka ganin bayanta, doguwa ɗaya, wanda ke can ya amsa. Busa kuma ba ƙaƙƙautawa alamar neman ceto ce. Ƙa'idojin sun ce jirgin da ya kai mita 12 dole ya kasance da abin busa, wanda bai kai ba ma dole ya sami wata hanyar yin ƙara mai inganci. An yi su ne domin teku da ruwayen da jiragen teku ke shiga, amma ban ga abin da zai hana masu fito a kogunan Kwara da Binuwai su yi yare ɗaya da su ba. Ka lura, busar hazo daƙiƙa 6 ce ana maimaitawa, wataƙila na tsawon awa guda. Hon ɗin da aka haɗa da siririyar waya zai yi maka fit-fit na gaisuwa a bakin kwata, amma a irin wannan aikin ne zai yi zafi ya mutu, daidai lokacin da ake nemansa.

Ina kuma da ƙorafi a kan masu neman ƙara don burgewa. Wasu samari suna zuwa wurina suna cewa su dai wanda ya fi na kowa, irin na jirgin ƙasa. Ƙa'idar da na ambata, abin da take nema ga jirgin da bai kai mita 20 ba shi ne a ji shi daga rabin mil na ruwa, wajen mita 900. Wannan ya isa. Ƙarar da ta haura 85 a ma'aunin ƙara da ake kira desibel, in mutum ya daɗe a cikinta, tana cin kunne, su kuwa waɗannan ƙahonin suna wuce 120 a kusa da bakinsu. Ƙara tana raguwa da 6 duk lokacin da tazara ta ninka, wato na nesa yana jin kira ne, na kusa kuwa duka yake sha. Don haka ba a kafa ƙaho a bayan kan fasinja ko kusa da kunnen matuƙi. A sa shi can gaba ko a kan rumfa, bakinsa na kallon inda aka dosa. Kuma wanda ke danna shi don ya firgita masu kwale-kwale ko ya sa 'yan mata ihu, ya sani yana koya wa mutane su daina kula da busa ne. Mutum a ƙaramin kwale-kwale in ya zabura ya miƙe, kifewa zai yi.

Ba na cewa hon ne maganin haɗurran da muke ji. Jirgin da ya nutse a yankin Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Ɓagwai a jihar Kano a ƙarshen shekarar, wanda ya tafi da ɗaliban Islamiyya, da na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 'yan biki suka rasu, Allah Ya jiƙansu, abin da aka fi magana a kai shi ne lodi fiye da ƙima, da tsufan jirage, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Waɗannan ba aikin rewaya ba ne. Ni abin da ke hannuna nake magana a kai. Jirgin da injinsa ya mutu ruwa na jansa, ko ya fara shan ruwa nesa da gaɓa, muryar mutum ba ta zuwa ko'ina a kan kogi, amma hon mai lafiya zai tayar da ƙauye.

Saboda haka ina kira ga hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, da sarakunan ruwa da shugabannin masu fito: in ana duba rigar ruwa da yawan fasinja, a riƙa cewa matuƙi ya danna hon na daƙiƙa 6 a ji, a kuma ɗaga murfi a ga inda kwamfuresa yake da inda mai yake. Ba ya ɗaukar minti biyu. A buga ma'anar busar nan da Hausa da Nufanci da sauran harsunan bakin ruwa a manna a kowace kwata. Shugabannin ƙungiyarmu ta masu gyara su ma su tara mu, waɗanda suka taɓa aikin jirgi su nuna wa waɗanda ba su taɓa ba. Masu jirage kuma, in mai gyara ya rubuta muku waya mai tsada da rile biyu, kada ku ce cuta ce. Kuma ko an haɗa hon mai kyau, a rataye usur ko ƙahon baki kusa da sitiyari, domin ranar da ruwa ya shiga batir.

Jirgin makon jiya na gama shi jiya da la'asar. Na ɗauke kwamfuresocin daga akwatin mai na kai su ƙarƙashin sitiyari, na ja sababbin wayoyi ta sama inda ruwan ƙasan jirgi ba ya kaiwa, na matse kowane kai na rufe shi da robar da ake gasawa ta kama. Da na gama sai na sa yarona ya danna na daƙiƙa 6, ya huta, ya sake, har sau goma, ni kuma mitar auna wuta na kan kwamfuresa, ɗaya hannun yana bin waya taƙi-taƙi daga batir har gaba. Mita ba ta sauka ƙasa da bolt 11.5 ba, wayar kuma sanyi ƙalau. Na rubuta wa matuƙin ma'anar busa a bayan kwalin rile, ya ninke ya sa a aljihun rigarsa, ya ce zai nuna wa sauran in sun haɗu da safe.

Na gode da wannan fili. Allah Ya tsare matafiyanmu na ruwa da na tudu.

Naka,
Mai gyaran wayar mota,
Garejin Apo, Abuja.